LOKACIN WUTAR INJIN: ABIN DA YA SAMU MOTAR ƘUNGIYA

Jawabin da ɗanmu, malamin lakwal a Tibiri, ya yi gaban taron ƙungiya a Maradi. An buga shi nan domin waɗanda ba su samu zuwa ba.



Ya ku iyayenmu dattawa, Allah shi ja zamaninku. Shugaban ƙungiya, ma'aji, iyayenmu mata, da ƴan uwa da kunka taso daga Jiratawa da ƙauyukan gefenta tun da hantsi, ina yi muku barka da hanya. Ina kuma gai da waɗanda ke can wurin biɗa, Kano, Legas, Agadas, Abijan da sauran wurare, waɗanda wagga takarda za ta iske. Da guminku anka sayi motar da za mu yi magana kanta, saboda haka kuna da hakkin ku ji kome.

Ni yaro ne a gabanku, kuma sana'ata alli da allo ce. Amma da yawanku kun san tun ina ɗan lakwal, kowane hutu garejin kawuna nike zuwa nan Maradi, ina wankin kaya da isansi, ina miƙa kile da turnabis. Can na koyi aikin hannu. Daga baya, a makarantar horon malamai, na samu Faransancin da ya ba ni damar karanta littafin mota, na gane dalilin abin da hannuna ya riga ya saba. Shi ya sa shugaba ya ce in tsaya kan gyaran motarmu, in zo in faɗi abin da na gani. Idan na yi kuskure, dattawa su gyara mini, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

ABIN DA YA FARU

Kowa ya tuna daren nan na daminar bara. Naƙuda ta yi ma ɗiyarmu tsanani, ungozoma ta ce a kai ta Maradi. Direbanmu ya ɗauko ta cikin motar ƙungiya. Ba su kai ga gudron ba, cikin yashi, injin ya ɗau zafi, ruwan radiyater ya tafasa, mota ta tsaya. Da amalanke anka fid da ita bakin hanya, wani bawan Allah mai mota ya ƙarasa da ita. Allah ya sa ta sauka lafiya, ita da jinjirin. Amma da abin ya zo da ƙarar kwana, da yau wata magana muke yi.

Tun daga ranar magana ta kasu biyu. Waɗansu sun ce motar ta tsufa, a sayar ma ƴan gwangwan a huta. Waɗansu sun ce laifin direba ne, bai duba ruwa ba. Yaron nan wata uku bai iya ɗaga kai cikin mutane ba. Ni kuwa abin da na zo faɗi shi ne: injin bai mutu ba, direba kuma ya zuba ruwa. Lokacin wutar injin ne ya goce, kuma mu duka munka bar shi ya goce.

WACE IRIN MOTA CE TAMU

Motarmu Peugeot 404 ce mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce ma bashe, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce a-kori-kura. A shekarar 1960 anka fara ƙera 404 a Faransa, 504 ta biyo baya a 1968. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma ta ci gaba da fid da 504 har 2006. Shi ya sa waɗannan motoci sunka cika hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, shi ya sa kuma ba a rasa ƙananan kayansu a kasuwa. Irin wanga injin ba shi da kwamfuta. Motocin yanzu na'ura ce ke auna musu lokacin wuta. Tamu kuwa mutum ne ke auna mata, da hannunsa. Idan hannun ya iya, ta yi lafiya. Idan bai iya ba, ta sha wuya.

Sunayen kayan sun bambanta tsakanin nan da ƙetaren iyaka, don haka bari in daidaita su. Abin da muke ce ma buji, a Kano fulogi ne. Bobin shi ne kwayil. Filatin shi ne kwantak. Delko shi ne tukunyar nan mai wayoyi biyar a kanta, wadda ke raba wuta.

MENE NE LOKACIN WUTA

Cikin injin akwai ramu huɗu, kowane da fistan mai hawa da sauka. Aiki huɗu kowane fistan ke yi: ya sauka ya shaƙi iska da isansi, ya hau ya matse su, buji ya ƙyasta wuta su ƙone su turo shi ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ba tare suke samun wuta ba. Bi da bi ne, kamar mata huɗu masu lugude a turmi guda: na 1, na 3, na 4, na 2. Iyayenmu mata sun san abin da ke faruwa in guda ta riga ko ta makara, taɓarya ta kan bugi taɓarya.

Wutar batir volt 12 ce kawai, ba ta isa ta tsallake bakin buji ba. Bobin ne ke mai da ita dubbai. Amma bobin ba ya sakin wuta sai a daidai lokacin da bakin filatin ya buɗe cikin delko. Ku riƙe wannan, domin duk aikin a kansa yake: buɗewar filatin ita ce ƙyastawar wuta.

To, yaushe ya kamata a ƙyasta? Mutum zai ce sai fistan ya kai ƙololuwa. A'a. Isansi ba ya ƙonewa gaba ɗaya nan take, yana ɗaukar ɗan lokaci, wajen kashi 2 cikin 1000 na sakan. Maharbi ba ya auna inda zabo yake, yana auna inda za shi. Haka injin: ana ƙyasta wuta kaɗan kafin fistan ya kai sama, don ƙarfin ƙonewar ya iske shi daidai ya juyo zai sauka. Wannan rigayen shi makanikai ke ce ma abans. In wutar ta makara, su ce ritar.

Ku yi mini haƙuri in yi lissafi irin na ƴan aji shida. Zagaye guda digiri 360 ne. Injin da ke tsaye yana aiki a hankali yana juyi wajen 900 a minti, watau 15 a sakan, watau digiri 5400. Cikin kashi 2 na 1000 na sakan ya ci wajen digiri 11. A kan gudron kuwa, in yana juyi 3000 a minti, cikin wannan ɗan lokacin digiri 36 zai ci. Lissafin na kusa-kusa ne, amma ya nuna abu biyu. Na farko, akwai abans na tushe wanda mutum ke ɗaurewa, a waɗannan motoci tsakanin digiri 5 da 11 gwargwadon shekarar injin. Na biyu, dole abans ya riƙa ƙaruwa da gudu. Masu wannan aiki ƙarafa ne biyu ƙanana a gindin delko, da ke buɗewa in juyi ya yi sauri, da kuma wani ɗan gwangwani a gefe mai tiyo zuwa karbirater, wanda ke ƙara abans in mota na tafiya ba nauyi.

ALAMOMI

In abans ya yi yawa, za ku ji injin na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman a hawa ko da kaya. Wajen tayarwa demarer ya kan yi nishi, kamar injin na ture shi baya. Wanda ya taɓa tada tsohuwar mota da manibel ya san yadda ta kan mayar da hannu, har ta karya wuyan hannun mutum. In an daɗe a haka, kan fistan na iya hujewa.

In ritar ne, mota ba ta da ƙarfi, tana shan isansi kamar raƙumi a bakin rijiya, wani lokaci ta yi harbi ta bututun hayaƙi. Mafi muni, wutar na ci gaba da ci har lokacin da supap ta buɗe, sai zafin da ya kamata ya tura mota ya koma cikin kulas da ruwa. Injin ya yi ta zafi.

Ban ce kowane zafi daga nan yake ba. Radiyater da ya toshe, bel da ya saki, da famfon ruwa mai yoyo duk suna kawo shi. Mun duba su duka a motarmu, lafiyarsu lau.

ABIN DA MUNKA ISKE

Da munka buɗe delko, abu uku munka gani. Bakin filatin, wanda ya kamata ya buɗe milimita 0,40, da ƙyar takardar littafin ɗan lakwal ke shiga. Ɗan dunduniyar da ke goga jikin sandar delko ya cinye, domin ba a taɓa shafa mashi man girisi ba. Duk sa'ad da bakin filatin ya ragu, buɗewarsa na makara, wuta ta makara. Na biyu, ƙarafan gindin delko sun daskare da ƙurar hunturu da tsatsa, ba su motsi ko kaɗan, watau kome gudun mota abans ba ya ƙaruwa. Na uku, kusoshin da ke riƙe delko duk kile ya cinye kansu.

Na tambayi direba. Ya ce cikin shekara guda hannu huɗu ya taɓa wurin. Ya sha isansin kwalba, mota ta yi ƙarar tsakuwa, wani a bakin tasha ya juya delko baya. Ƙarfi ya ragu, wani ya juya gaba. Haka dai, kowa da kunnensa. Ba wanda ya auna filatin. Kuma sau biyu yaron ya roƙi kuɗin sabon filatin, munka ce ya jira taro mai zuwa. Ina cikin waɗanda sunka ce haka. Ƙarshenta juwan kulas ya ƙone, munka biya abin da ya ninka kuɗin filatin sau da yawa.

Ga dalilin da ya sa kunne ba ya isa. Delko rabin juyin injin yake yi, don haka digiri guda a delko biyu ne a injin. In ka goce da shi faɗin ƙwayar gero guda, ka canza fiye da digiri 5. Wane kunne ne zai auna ƙwayar gero cikin hayaniyar tasha?

YADDA AKE ƊAURE SHI

Zan faɗi aikin daki-daki domin matasa su riƙe, dattawa kuma su san abin da za su tambaya in an kawo musu takardar kuɗin gyara. Kayan aiki kaɗan ne: kale na aune, watau ƴan siraran ƙarafan nan masu lamba a jiki, ƙwan fitilar mota mai volt 12 da waya biyu, sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8, kile da turnabis.

1. A tsai da mota wuri mai laushi ba gangare, a ja birkin hannu, a sa dutse gaba da bayan taya, a fid da giya, a kashe makulli.

2. Filatin ne farko, kullum. A cire murfin delko. In bakin filatin ya ƙone ko ya yi rami, a canza shi tare da kondansater. A juya injin har dunduniyar ta hau ƙololuwar tudun sandar delko, a auna 0,40. Kale ya shiga da ɗan ja, ba sako-sako ba. A shafa girisi kamar kan ashana a tudun, kada ya taɓa bakin filatin. Wanda ya ɗaure abans kafin ya auna filatin aikin banza ya yi.

3. A kama ɗan yatsan delko, wanda ake ce ma rotor, a murɗa shi kaɗan a saki. In ya dawo da kansa, ƙarafan gindi na aiki. In ya ƙi motsi, sai an kwance an wanke. A tsotsi tiyon gwangwanin gefe, a ga ko farantin filatin ya motsa.

4. A juya injin sannu, ta wajen da ya saba juyawa, kada a koma baya. A lura da wajen da rotor ke bi, a zana kibiya da alli. A 404 akwai ɗan rami a jikin kaskon ambireyaji, bayan injin. A zura sandar nan mai milimita 8, ana juyawa a hankali har ta faɗa cikin tsagar da anka yi ma bolan. Masu ƙera motar sun riga sun yanke tsagar daidai digirin da injin ke so. A waɗansu 504 alamar tana gaba ne, a jikin puli. Fistan na 1 da na 4 tare suke hawa, saboda haka rotor zai kalli wayar ɗayansu.

5. A haɗa waya guda ta fitila inda ƙaramar wayar bobin ke shiga delko, ɗayar a jikin ƙarfen injin. A buɗe makulli, amma kada a taɓa demarer.

6. A sassauta abin da ke riƙe delko. A juya jikinsa wajen da kibiya ta nuna har fitila ta mutu. Sa'an nan a dawo da shi sannu sannu, kishiyar kibiya. Daidai inda fitila ta kama, nan filatin ya buɗe. A tsaya, a ɗaure.

7. A cire sandar. Na sake faɗi, a cire sandar kafin a tada mota. A kashe makulli kuma, domin in an bar shi buɗe filatin na rufe, bobin zai yi zafi ya ƙone.

8. A sake juya injin da hannu a gwada: faɗawar sanda da kamawar fitila su zo tare. In sun zo, a yi zane guda da fenti daga jikin delko zuwa mazauninsa. Daga ranar, kowa ya taɓa, za a gani.

Garejin da ke da fitilar nan mai walƙiya, wadda ake haskawa injin na aiki, ya fi, domin tana nuna ko abans na ƙaruwa da gudu. Sai dai a tuna a cire tiyon gwangwani a toshe shi kafin a auna na tushe.

Bayan haka sai gwajin hanya. Mu daga Maradi munka nufi Tibiri, da buhunan gero a baya. Da injin ya yi ɗumi, a giya ta huɗu, wajen kilomita 40 a sa'a, direba ya taka totur har ƙasa. In an ji ƙarar tsakuwa kaɗan ta wuce, ba kome. In ta daɗe, a mai da delko baya ɗan ƙanƙani, rabin ƙwayar gero, a sake gwadawa. Munka je munka dawo, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Kashegari ta shiga yashin da ya kashe ta bara, ta fita.

MAGANAR ISANSI

Dattawa sun san shekara da shekaru motocin Maradi na shan isansin Najeriya daga hannun ƴan ruwa-ruwa, don ya fi araha. A watan Mayu 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, arahar ta tafi. Mu kuma muna da matatar Zinder tun 2011, kuma a watan Yuli 2024 anka sauko da lita zuwa tamma 499, kusan dala 100. Amma a watan Maris 2025 kun ga layin da anka yi a gidajen mai, har mutane sunka koma ma kwalba. Ba ni zagin masu wagga sana'a, da yawansu ɗiyanmu ne. Sai dai kwalba ba ta da shaida. In an gauraya isansi da kananzir, ko ya daɗe a rana, injin zai yi ƙarar tsakuwa ko da abans na daidai. Maganinsa a sassauta ƙafa, a sauka giya, a ƙara mai kyau da an samu. Ba a kwance delko don kwalba guda.

ABIN DA NIKE ROƘO

Na ɗaya, kada a sayar da motar bana. Na san ta tsufa, kuma wata rana dole a canza ta. A buɗe asusu dabam domin wannan, kowane wata a jefa abin da ya samu. Amma in mun sayar yau, kuɗin ba zai sayi wata ba, kuma naƙuda ba ta jiran taro.

Na biyu, makaniki guda ƙungiya za ta zaɓa, shi kaɗai ke kwance delko.

Na uku, a sayi kale, fitila da sanda, da filatin, kondansater da rotor na ajiya, a sa cikin gwangwani mai murfi ƙarƙashin kujerar direba.

Na huɗu, a auna filatin da buji sau biyu a shekara: kafin ruwan farko, da kuma bayan ƙurar hunturu. Bakin buji milimita 0,6.

Na biyar, a aje littafi cikin mota. Kowane gyara, kowace lita, a rubuta. In shan isansi ya ƙaru, littafi zai faɗa kafin injin ya faɗa. Kuma a ba ma'aji izinin fid da kuɗin ƙananan kaya ba sai an jira taro ba.

Na shida, a ba ni matasa biyu lokacin babban hutu, in koya musu wanga aiki kyauta, domin masu saninsa raguwa suke yi.

Na ƙarshe, iyayena, shi ne ya fi mini nauyi. Ƙanenmu direba ya ɗauki zargin da ba nasa ba. Ina roƙon shugaba ya kira shi gaban wanga taro, a wanke shi, a mayar mashi da makulli. Ni na fara: ƙanena, ka roƙi filatin na ce ka jira, ka yafe mini.

Allah shi kiyaye mu a hanya, shi sauki masu ciki lafiya, shi maido da na nesa gida da alheri, shi ba mu damina mai albarka.